Bayani Gamsasshe a Kan Zaman Gaba da Alkama

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, Allah ya buɗa maka, cewa a cikin ƙwayar alkama akwai wani sinadari da ake kira gulutin. Sha'ir ma yana da shi, haka nan wani hatsin ƙasashen sanyi mai suna rai. Shi ne ke sa ƙullun fulawa ya yi danƙo, ya tsare iskar yis har burodi ya tashi. Masana sun kasa shi gida biyu, giliyadin da gulutenin, domin abin da ba a kasa gida biyu ba, ba a samun digiri a kansa.

Masu gaba da shi ma gida biyu ne. Gidan farko shi ne na waɗanda ke da cutar siliyak, kuma a nan babu wasa. Kimanin mutum 1 cikin 100 na ɗauke da ita. Idan ɗayansu ya ci alkama, sai garkuwar jikinsa ta juya ta far wa ƙaramin hanjinsa. Bangon hanjin mai lafiya yana da 'yan tsirarrun da ke tsotse abinci, a tsaye cunkus kamar gashin sabuwar darduma. Cutar takan yi ta goge su har su kwanta. Daga nan mutum ya yi ta ci ba ya ƙoshi a jiki: gudawa, kumburin ciki, ƙarancin jini, yaro ya ƙi girma. Har yau maganinta ɗaya ne, a bar gulutin har abada.

An daɗe kafin a gano mai laifin. Wani likitan Girka, Aretaeus, ya siffanta cutar kusan shekara 2,000 da suka wuce, sannan aka huta. A 1888 Samuel Gee na Landan ya rubuta cewa idan za a warkar da ita, to da abinci ne, sai dai a cikin abin da ya yarje wa majinyata har da gasasshen burodi yankan siriri. A 1924 Sidney Haas na New York ya ɗora yara a kan ayaba, suka samu sauƙi, ayaba ta kwashe yabon shekaru da dama alhali duk aikin da ta yi shi ne ta hana burodi wurin zama. Yunwa ce ta raba gardamar. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin da yaƙi ya toshe wa Holan hanyar abinci har mutane suna cin albasar furanni, likitan yara Willem Dicke ya lura majinyatansa suna murmurewa yayin da kowa ke ramewa. Da burodi ya dawo, ciwo ya dawo. Ya gabatar da kundinsa a 1950.

Hukuncin wannan gida mai tsanani ne. A Turai, da kuma Amurka tun dokar 2013, ba a rubuta wa abinci "babu gulutin" sai idan abin da ke ciki bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba. Mai son lissafi ya ɗauki buhu mai kilo 50: giram 1 kacal aka yafe masa. Saboda haka wuƙar da ta yanka burodi ba ta yanka musu komai, man da aka soya cincin a ciki ya haramta gare su, kuma sukan tsaya a kanti suna karanta bayan kwali da natsuwar da ba su taɓa ba takardar jarrabawa ba. Wanda ya ce cutar Turawa ce, ya sani cewa binciken da aka buga a 1999 ya same ta a jikin kashi 5.6 cikin 100 na yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, kusan ninki biyar na abin da ake gani a Turai.

Gida na biyu ya fi yawan jama'a, ya fi kuɗi, kuma babu likita a ƙofarsa. An yi masa harsashi a 2011 da littafin wani likitan zuciya ɗan Amurka, William Davis, wanda ya ɗora wa alkama alhakin tumbi da dangoginsa. Babban abin kafa hujjarsu shi ne ɗan wasan tanis Novak Djokovic. A 2010 wani likita ya sa shi ya dafa yankan burodi a cikinsa, ya danna masa ɗaya hannun, ya ga hannun ya yi sanyi, nan take aka yanke wa burodi hukunci. Shekarar da ta biyo baya Djokovic ya lashe uku daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya. Miliyoyin mutane sun bi sahunsa sun bar burodi, kuma ana nan ana jiran kofunansu.

Masana sun yi saɓani a kan 'yan wannan gida, har ma masani guda ya saɓa wa kansa. Peter Gibson na Jami'ar Monash a Ostireliya ya buga bincike a 2011 da ke nuna gulutin na damun wasu marasa siliyak. A 2013 ya sake gwajin da tsauri, sai zargi ya koma kan wasu nau'o'in sukari da hanji ke kasa narkarwa, waɗanda ke cikin alkama, da albasa, da wake. Kasuwa ta karɓi bincike na farko hannu bibbiyu, na biyun bai iso gare ta ba tukuna. A yau ana samun tambarin "babu gulutin" har a jikin robar ruwan sha, kuma gaskiya suka faɗa.

Sai mas'alar da ɗalibai suka fi yawan tambaya: mene ne matsayin tsohuwar da ta karya da koko da ƙosai, ta sha fura da rana, ta kwana da tuwon dawa miyar kuka? Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya da wake duk ba su da gulutin, don haka a zahiri ta cika ƙa'ida shekara saba'in. Amma magana mafi rinjaye ita ce ba a lissafa ta, saboda sharuɗɗa biyu sun faɗi: ba ta gaya wa kowa ba, kuma ba ta biya ninki ba. Accar da take rainawa, da zarar ta haye teku an zuba ta a ƙaramar leda an kira ta fonio, sai ta zama abincin masu hali a New York, inda mai dafa abinci ɗan Senegal, Pierre Thiam, ya yi mata suna.

Duk da haka, kada mai siliyak na gaske a Kano ko Maraɗi ya saki jiki. Gurasa, alkaki, funkaso, taliya, fanke da tuwon semo duk 'ya'yan alkama ne, waɗannan a fili suke. Na ɓoye su ne abin tsoro: ɗan waken da aka ƙara wa fulawa don ya kama jiki, da injin niƙan unguwa, wanda ya niƙa alkamar maƙwabciya kafin a zuba masararka, kuma mai injin bai taɓa jin labarin kashi 20 cikin miliyan ba. Wanda kuma yake zargin yana da cutar, ya je a auna jininsa tun yana cin alkamar, domin idan ya riga ya daina, gwajin na iya fitowa fes alhali cutar na nan.

Mas'ala ta ƙarshe ita ce mafi wuya, kuma ba a warware ta a Monash ba. Mutum ya je gaida surukarsa, ta sa an kawo masa funkaso da miyar taushe, ta ce, "Bisimilla, ɗana, don kai aka yi." Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ƙara girma, Hajiya, likita ne ya hana ni alkama." Ta ce, "To ai ba alkama ba ce, funkaso ne. Ɗan taɓa kaɗan." Wasu masana sun ce ya yi bayanin ƙaramin hanji, wasu sun ce ya nemi a juye masa a kwano ya tafi da shi. Waɗanda suka gwada bayanin hanji sun ruwaito cewa an saurare su har ƙarshe, an yi musu addu'ar samun lafiya, sannan aka ƙaro musu alkaki na guzuri.