Mu da "An" da Turancin Yaranmu

Mu nan ƙasar Bichi da Ɗambatta har zuwa Kunci, ba ma son kama sunan mutum idan abu ya ɓaci. Akuya ta faɗa gonar gyaɗa, sai ka ji mai gonar ya ce, "An yi mana ɓarna." Kowa a majalisa ya san mai akuyar. To amma gonakinmu a manne suke, tsakaninka da maƙwabci sai jerin gamba ko lalle, gobe kuma tare za ku yi gayya, ka je sunan ɗansa ya zo ɗaurin auren 'yarka. Uwa ma haka take, ta ga wanda ya fasa tulu da idonta, ta ce an fasa tulu. Kunya ce da zumunci, kuma ni ina son halin nan namu.

Inda yake kawo cikas shi ne takardar jarrabawa. Yaro ya ɗauki "an" ɗinmu ya kai Turanci, ya rubuta "They have stolen our goat." Malam ya zaro jan biro ya tambaya, su wa? Bature yana da tasa hanyar ɓoye mai aiki. Abin da aka yi wa aikin yake jawowa gaba: "Our goat has been stolen." Ga akuya a farko, ɓarawo bai fito ba, magana ta zauna daidai.

Daga nan kuma sai yaranmu su zarce. Wani ɗan aji biyar na sakandare a unguwarmu, da ya gane dabarar, komai nasa juya shi yake. Yayansa, wanda ya yi Kwalejin Ilimi ta Bichi, ya ɗauki littafinsa ya ga "The food was eaten by me." Ya ce, "Kai ƙanena, wa ka taɓa ji ya faɗi haka? Ka ci abinci, ka ce ka ci." Yaron ya ce, "Yaya, ai wannan ta fi kama da Turancin manya." Da yawanmu haka muka ɗauka, jimla in ta yi tsawo ta yi nauyi, ita ce ilimi.

Ka san wanda ya yi, kuma saninsa na da amfani, sa shi a gaba. Ba ka sani ba, ko abin da ya faru ya fi mai yin muhimmanci, sai ka juya. A wasiƙar koke, irin wadda WAEC da NECO ke yawan sa ɗalibai rubutawa, in ɗan kwangila ne ya bar rijiyar burtsatse ba ƙarasawa, a rubuta cewa shi ne. Can ba wurin kara ba ne.

Ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Don haka yayye da iyayen da suka yi boko, in yaro ya kawo muku rubutunsa da daddare, ku riƙa tsayar da shi a kan kowace jimla ku tambaye shi: wa ya yi, kuma ya kamata a faɗi sunansa a nan ko a'a?