Teburin da Ya Fi Ƙarfin Ƙofa

Ni ne magatakardan wata ƙaramar ƙungiyar manoma a Agye. Ofishinmu ɗaki biyu ne: ɗaya nawa da takardu, ɗaya na buhunan iri da ɓeraye. Taro kuwa a gindin gawon tsakar gida muke yin sa. Baba mai gadi ya shimfiɗa tabarmi, ya hura gawayin shayi, kowa ya tuɓe takalmi ya zauna inda shekarunsa suka ajiye shi. Gawo itace ne mai taurin kai, da damina in kowace bishiya na ado shi tuɓewa yake yi, sai rana ta fara cin mutane sannan ya yi ganye. Mu kuma tarukanmu duk na rani ne, don ba wanda zai bar fartanya da damina ya zo jin jawabi. Haka muke zaune lafiya da gawonmu.

Abin da ya lalata ni wata bita ce ta kwana uku da aka tura ni Yamai. Na shiga wani ɗakin taro na ga dogon tebur yana sheƙi har ina hango fuskata a ciki, kujeru masu juyawa, majigi manne a sama, sanyi kuwa sai da na yi atishawa a tsakiyar watan Maris. Da na dawo gida na dubi tabarminmu, sai na ji kunya ta kama ni.

Ana nan sai ga saƙo cewa waɗanda ke tallafa mana da kuɗi za su turo baƙi a watan Afrilu, su gana da wakilan manoma na Agye da Gazawa da Gidan Rumji a kan sassaben zamani. Wanda bai sani ba, shi ne in ka zo sharar gona kada ka tumɓuke kututture, ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi daga tohonsa, ka sassabe sauran, ka bar su su zama itace. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa dabarar a ƙasar Maraɗi a 1983, mutanen Ɗan Saga a nan Agye suka riƙe ta har suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, yau daga ƙasashe ake zuwa kallon gonakinsu. A wajen taronmu na miƙe na ce mutanen da duniya ke zuwa gani ba su kamata su tarbi baƙi a ƙasa kamar masu zaman makoki ba. Shugaba ya dubi ma'aji. Ma'aji ya dubi sama, ya yi ajiyar zuciya, ya ce akwai jika 700, kuma kowace dala sai ya ga takardarta. (Ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka, jika a nan sefa 1,000 ce, dala kuwa sefa 5.)

Muka kwashe buhunan iri, ɓeraye suka yi hijira. Na ɗauko igiyar guga na auna ɗakin, tsawo da faɗi, na ƙulla alama. Baba mai gadi yana tsaye yana kallo. Ya ce, "Malam, ita ƙofar nan fa..." Na ce, "Baba, na gani, za a yi mata fenti." Ya ce, "To, Allah ya taimaka," ya koma wajen shayinsa.

Na tafi Maraɗi da igiyata wajen wani kafinta. Na ce tebur nake so irin na Yamai, mita biyar, falle ɗaya, ba haɗe-haɗe. Ya ce a yi shi gida uku mana, in an je a jera. Na ce ni ba bencin ƴan makaranta na zo saye ba. Ya ce, "Kuɗinka ne, Malam." Bayan mako biyu na tarar da abu kamar jirgin ruwa, ƙafa shida, kowace an kafe ta da ƙusa da gam yadda ko aljani ba zai cire ta ba. Na sayi kujerun ƙarfe 20, da kujera ɗaya mai juyawa ta shugaba, da fanka, da majigi na hannu a wani shago, mai shagon yana rantsuwa cewa wata uku kacal aka yi ana aiki da shi.

Tsakanin Maraɗi da Agye kusan kilomita 80 ne a kan kwalta. Direba ya ɗaure teburin a saman mota, na lulluɓe shi da tabarmi kada rana ta ci fentin. Ya zarce motar ta gaba, ya zarce ta ta baya. Da muka tsaya a Cadawa, wata tsohuwa mai sayar da aya ta ɗaga kai ta ga dogon abu a naɗe cikin tabarma, ta saki kwanonta tana salati. Ta matso ta ce, "Ɗana, Allah ya jiƙansa. Amma kuwa marigayin dogo ne."

Mun iso da la'asar. Ƙarti takwas suka sauke shi, suka nufi ƙofa, suka tsaya. A miƙe bai shiga ba, wannan kowa ya sani. Muka kwantar da shi a gefe, sai ƙafafun suka fi faɗin ƙofar da yatsa huɗu. Muka gwada ta kai, muka gwada ta gindi, kamar dai teburin zai canza ra'ayi. Kafin magariba rabin unguwa ya taru, kowa da shawararsa. Wani mai gyaran amalanke ya ce abu mai sauƙi, a rage ƙafafun. Na aiko da zarto. Shi ya yanke uku, ya gaji, yaronsa ya yanke uku, kowa da irin yatsunsa. Muka sake ɗauka da kabbara, kan teburin ya shiga ƙofa lafiya lau, har na fara murmushi. Sai gindinsa ya daki katangar maƙwabci. Tsakanin ƙofar da katangar taku uku ne, abu mai mita biyar ba shi da inda zai juya.

Baba mai gadi bai ce komai ba. Shayi kawai ya miƙo mini, wanda ya fi zagi ciwo.

Washegari magini ya zo ya fasa bango ta ɓangaren tsakar gida. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to mu tebur ne ya samu. Ya shiga, aka mayar da bulo, ma'aji ya tsaya yana ƙirga su da baki. Da na jera kujeru na zauna don in ɗanɗana aikina, gwiwoyina suka ƙi shiga ƙarƙashin teburin. Ya yi gajarta. Kuma in ka dafa nan, can ya ɗaga. Na ɗauko rahoton shekara kwafi uku na cusa a ƙarƙashin ƙafa biyu, ya tsaya. Tun da nake rubuta rahoton nan, ranar ce na fara ganin amfaninsa.

Maganar wuta kuwa ban yi sake ba. Babbar wayar da ke kawo wa Maraɗi da Damagaram lantarki daga Katsina a Gazawa take sauka, nan kusa da mu, amma duk wanda ya ga watannin da aka yanke ta daga Agustan 2023, bayan juyin mulki, ya san ba a shirya buki da wutar da makunninta ke wata ƙasa. Na yi hayar janareta wajen mai lasifikar biki, na sayi mai kwalba huɗu a bakin hanya. Majigin kuma na hau tsani na ɗaure shi a azara, ƙafafunsa sama, kamar yadda na gani a Yamai. Ban gwada ba. Me za a gwada a abin da aka yi wata uku kacal ana aiki da shi?

Ranar taro tun kafin baƙi su iso aka fara rigimar da ban taɓa zato ba. Ashe tabarma ba ta da kai, tebur kuwa yana da shi. Wakilin Gidan Rumji, wani dattijo Bagobiri da ba su haɗuwa da shugabanmu sai sun yi wa juna ba'a, ya ce shi daga ƙasar da Sarkin Gobir ke zaune a Tsibiri ya fito, ya kuma fi kowa nisan tafiya, saboda haka kusa da kai zai zauna. Na Gazawa ya ce su tun 2011 suka fita daga ƙarƙashin Agye suka samu gundumarsu, ba wanda zai mayar da su wutsiya ta hanyar kujera. Na rubuta sunaye a kwali, na canza, na sake canzawa. Hajiya, shugabar wata ƙungiyar Mata Masu Dubara, irin asusun matan nan da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ta leƙo ta ga maza sun jeru a karkace, gwiwoyi a waje kamar masu jiran aski. Ta ce, "Malam, mu ina namu wurin? Ko asusu kawai muka iya?" Na ba su kujeru, ni da ma'aji muka tsaya.

Baƙi suka iso, mace ɗaya da maza biyu, aka yi addu'a. Na kunna fanka, ta kwashe ajandar da na raba ta watsa har bakin ƙofa. Na kashe. Rufin kwano, watan Afrilu, mutum kusan talatin: kafin a gama gaisuwa rawunna sun fara jiƙewa. Shugaba ya gyara zama a kujerarsa mai juyawa ya fara jawabi, "A madadin manoman wannan yanki..." Ƙafarsa ce ko babbar rigarsa ta taɓa wani ƙarfe a ƙasa. Kujerar ta yi wani dogon tsaki, ya fara nutsewa a hankali, yana magana yana raguwa, har sai da haɓarsa ta kusa taɓa tebur. Dattijon Gobir ya ce, "Ranka ya daɗe, mulkin ne ya fara sauka?" Amma gaskiya ɗaya, a duk ɗakin shi kaɗai ne gwiwoyinsa suka shiga.

Na ce bari in ceci ranar da majigi. Daidai nan wuta ta ɗauke. Na yi wa yaron janareta alama cikin alfahari. Injin biki ne, an yi shi don ya yi gasa da kalangu. Baƙuwar tana magana, bakinta kawai muke gani yana motsi. Majigi ya kama, haske ya faɗa a bango, ga gonar gero shar da gawo jere. Sai dai saiwa na sama, rassa na ƙasa, manomin da ke cikin hoton yana rataye da ƙafa kamar jemage.

Wani tsoho daga wajen Ɗan Saga ya karkata kai, ya ƙara karkatawa, har hularsa ta faɗi. Ya ɗaga murya ta fi ta injin: "Wannan ai gonata ce! Ga ni nan!" Ya juyo gare ni. "Ɗana, gawo mun san shi da saɓa wa itatuwa, amma shekara talatin ina renon waɗannan ban taɓa ganin sun tsaya da ka ba."

Na hau teburin don in kai ga majigin. Na manta da rahoton shekara. Ɓangaren da na taka ya sauka, ɗayan ya tashi, ruwan leda da kofunan shayi suka gangaro gaba ɗaya zuwa cinyar wakilin Gazawa, wanda bayan duk gwagwarmayarsa ya samu wurin da ya nema.

Hajiya ce ta fara miƙewa. Ba ta ce uffan ba, ta yafa mayafinta ta fita, mata suka bi ta. Da muka leƙa, tabarmi na shimfiɗe a gindin gawo, shayi har ya yi tafasa ta biyu. Ashe Baba tun da hantsi ya shimfiɗa su. A nan aka yi taron har la'asar, aka yi maganar masu saran itace da dare da makiyaya masu sassabe wa dabbobi ganye, ba wanda ya tambayi ina kai ina wutsiya. Tsohon nan ya ja baƙuwar zuwa wani toho a jikin katanga ya nuna mata da wuƙarsa yadda ake yi. Ni kuwa ina ciki ina tsane kofuna.

Bayan wata biyu aka turo mai binciken kuɗi. Mutum ne mai tsanani, da awonsa a aljihu. Ya duba takardar magini ya ce ina bangon da aka gina, na nuna masa bangon da dama can yana nan. Ya daɗe yana kallona. Ya auna tebur, ya duba takardar kafinta.

"Malam, nan an rubuta tsayi santimita 80. Ni 72 na gani, wani wurin 71. Ina sauran?"

Na buɗe aljihun teburina na zube masa guntayen ƙafafu. Ya jera su ya ƙirga. Biyar.

"Na shida fa?"

Daga tsakar gida Baba mai gadi ya amsa, "Ranka ya daɗe, shi ne shayin da ka sha ɗazu."