Ranar da Kwamfuta Ta Tona Asirin Kawu

Ni mutum ne mai son tsari, kuma har gobe ban ga aibin haka ba. A shagon kawuna da ke kasuwar Yagwa, inda muke sayar da shinkafar gonakin SEMRY, ni na raba buhunan tsaba da na shanshera, ni na kafa wa igiya ƙusarta, basilla ma tata daban.

Da aka buɗe gadar kogin Logone a Afrilun 2025, 'yan Bongor suka huta da jiran kwalekwale, ciniki ya buɗe, rubuta rasit da hannu ya gagare ni. Ƙanena da ke karatun kwamfuta a Marwa ya zo hutu, ya zauna ya rubuta mana manhajar fitar da rasit da wani yare wai shi OCaml, wanda cibiyar bincike ta INRIA a Faransa ta fitar a 1996. Farashi a cikin rubutun yake, don yaron malalaci ne. In kasuwa ta motsa, sai in canja lamba in buga make, kwamfaila ta juya rubutun zuwa yaren na'ura. Da zai tafi ya ce, "Yaya, lamba kawai za ka taɓa."

Lamba kawai na taɓa, sai ranar da na dubi jakar fayilolin da idon basira. Kowane fayil da tagwayensa: ga sito.ml ga sito.mli, ga sayarwa.ml ga sayarwa.mli, a cakuɗe ba fasali. Na buɗe sabuwar jaka, na kwashe duk masu wutsiyar mli na zuba a ciki, na share tarkacen da kwamfaila ta bari, na buga make. Ko tari ba ta yi ba. Na kwana ina yaba kaina.

Washegari wata Hajiya daga Bongor ta sayi buhu goma. Na miƙa mata rasit, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗana," ta ƙirga kuɗi da sauri irin na wanda ya tsinci dami a kala. Na ƙirga, na ga kowane buhu ya yi ƙasa da jaka biyu. Na ce, "Hajiya, da saura." Ta ɗaga takardar sama ta ce, "Injinku ne ya faɗa. Inji yana ƙarya?" Kafin azahar labari ya zaga layin 'yan shinkafa. Abin da kwamfuta ke bugawa kuɗin sari ne, ainihin yadda Kawu ya sayo, abin da ko matansa ba su taɓa ji ba.

Kawu ya iso yana riƙe da bakin riga. "Wa ya gaya wa wannan akwatin kuɗin da na saro?"

"Kawu, dama can ya sani."

"Ya sani ya yi shiru wata da watanni, sai yau bakinsa ya buɗe?"

Tambayar a kan hanya take. Na kira Marwa. Yaron ya yi dariya har na ji ya yar da waya, sannan ya yi bayani. Fayil mai wutsiyar mli zaure ne, mai ml kuma cikin gida. Abin da aka rubuta a zaure shi kaɗai baƙo zai gani. In kwamfaila ta zo kan sito.ml, sai ta waiga ta ga ko akwai sito.mli a gefensa, cikin jaka ɗaya. In akwai, sai ta ɗauko sarrafaffen zauren, wato sito.cmi, ta gwada shi da cikin gida, ta ɓoye duk abin da ba a ambata ba. In babu, ba ta zuwa cigiya jakar maƙwabta. Ɗauka take maigida ba ya son zaure, sai ta ƙera nata sito.cmi, ta jera duk abin da ke ciki a bainar jama'a.

A cikin sito.ml kuwa akwai wani abu mai suna farashi, kuɗin sari ke nan, a ɓoye. A sayarwa.ml ma akwai farashi, na sayarwa. Fayil ɗin rasit yana buɗe sayarwa, sannan ya buɗe sito, kuma a OCaml sunan da ya zo daga baya shi ke danne na farko. Dukansu lambobi ne, don haka kwamfaila, wadda ke tayar da jijiyar wuya in ka haɗa lamba da harafi, ba ta ga abin magana ba.

Na ce ai mai gyaran waya da ke kusa da mu ya ce raba su jaka-jaka shi ne ƙa'ida. Yaron ya ce wannan a yaren C ne, na Dennis Ritchie, tun 1972. A can fayil mai wutsiyar h kwafe shi ake yi a manna a duk inda aka kira shi, ko a ina yake, in dai ka nuna hanya. Ka ji fa, a wani yaren da lambar yabo za a ba ni.

"Yaya, mayar da su inda ka same su."

Na mayar, na buga make. Ta ce babu abin yi. Ashe agogo take dubawa: fayilolin da na mayar kwanan watansu tsoho ne, sito.cmi na jiya ne, a ganinta komai sabo fil. Na sake kira. Ya ce in sarrafa sito.mli da sito.ml da hannu, sannan in... sai kuɗin waya ya ƙare. Na yi iya abin da na ji, na haɗa manhaja. A nan ne kwamfaila ta tuna tana da baki. Kowane zaure akwai hatimi da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, kuma rasit yana riƙe da tsohon hatimi, sito da sabo. Ta ce maganarsu ba ta zo ɗaya ba, ba za ta haɗa su ba. Ɗazu an yi mana tsirara a kasuwa ta yi gum, yanzu a kan hatimi ta kafe.

Kawu ya ciro ɗari biyar daga aljihu, ya ce a sa kati, za a cire a albashina. Yaron ya ce sauran maganar kalma huɗu ce: "Goge komai, sake daga farko." Na ƙirga, biyar ce, amma ban tsaya musu ba.

Manhaja ta dawo hayyacinta kafin la'asar. Kawu ya sa an manna takarda a jikin kwamfutar, an rubuta cewa ban da shara, ban da gyara. Hajiya kuwa ta kai rasit ɗinta wurin masu hoto an rufe mata shi da leda. Duk zuwan da za ta yi sai ta ajiye shi kan tebur kafin ta yi sallama, kuma daga wannan lambar take fara tayi.