Masu Kishin Kamfani, Kowa da Irin Nasa

Kamfanin gine-gine gari ne da ake kafawa an riga an san ranar tashinsa. A sami fili a kewaye da kwanon rufi, a ajiye kwantena uku a kira su ofis, a kafa rumfa a shimfiɗa tabarmi a ce ga masallaci. Bayan shekara biyu ko uku, gada ta tsaya da ƙafarta ko titi ya kai inda aka ce ya kai, sai a loda garin a tirela a yi gaba. Amma duk faɗin ƙasar nan da wuya ka sami inda ake yawan zancen amana da kishin wurin aiki kamar bayan wannan shingen kwano. Kowa ka taɓa zai rantse maka shi ne mai son kamfani tsakani da Allah, sauran duk tuwo ya kawo su.

Wanda za ka fara cin karo da shi, don yakan riga maigadi farkawa, shi ne Baba Tsohon Hannu. Hular kwanonsa ta manta launinta na asali. Ba ya ƙirga shekaru da kalanda, da aiki yake ƙirga su. Babban ɗansa an haife shi "muna zuba kankare a Abuja, kafin Babangida ya tare", wato kafin Disamban 1991. Autarsa kuwa ta zo "shekarar da aka buɗe jirgin ƙasan Kaduna", wato 2016. In hira ta yi daɗi, ga shayi ga inuwa, Baba yakan zarce ya ce da shi aka fara gadar Eko lokacin da Julius Berger ya shigo Najeriya a 1965. Samari su yi lissafi a zuci, su tarar a lokacin ko kaciya ba a yi masa ba, su yi gum. Wa zai ja da mutumin da shi kaɗai ya san ta inda bututun ruwa ya bi a ƙarƙashin ƙasa? Kamfanonin da ya yi wa aiki yatsun hannu ɗaya ba za su ƙirga su ba, wasu sun mutu, wasu sun sake suna, amma a bakinsa duk sunansu "kamfani". Kowace hikima tasa kuma ubanta ɗaya, wani Bature da ba wanda ya taɓa gani: "Bature ya ce, in ka ga lebura yana gudu, ba aiki ya tuna ba, oga ya hango."

A ɗakinsa akwai takardar yabo cikin gilashi, da agogon bango na kyautar daɗewa a aiki wanda ya tsaya cak tun batirin farko. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Ka tambayi Baba nawa ya taru a asusunsa inda yake aiki yanzu, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Yaro, ai kamfani ba ya cin amana." Ranar walimar ƙarshen shekara shi ake kira gaba, a dafa kafaɗarsa, a ɗauki hoto, a ba shi lemon kwalba.

Wanda ya fi Baba zafi a son kamfani shi ne Ɗan Mu. Lebura ne, da yamma ake danƙa masa ladan yini, sunansa bai taɓa shiga kwamfuta ba, amma ba ya buɗe baki sai da "mu". "Mun ci kwangilar gadar sama." "Mun yi odar katafila daga Caina." "Gwamnati ta riƙe mana biliyoyi, amma za mu ɗaga mata ƙafa." Mai ɗaga wa gwamnati ƙafa ɗin nan da rancen kuɗin acaɓa ya zo aiki. Rigar nan mai ƙyalli da aka ba shi don kada tifa ta bi ta kansa, da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa zance, da ita ya jingina da gireda aka ɗauki hoton da ke Facebook ɗinsa. Dokar ƙwadago ta ce kada ma'aikaci ya wuce wata uku bai karɓi takardar sharuɗɗan aikinsa a rubuce ba. Ɗan Mu bai taɓa cika wata uku ba. Da ya kusa, sai a sallame shi ranar Juma'a, a ɗauke shi sabo fil ranar Litinin. Shi kuma ya koma majalisa da daddare yana hura hanci: "Mun sake ɗiban ma'aikata."

Kunnen Oga ba shi da sana'ar da za ka nuna. Ba birkila ba ne, ba kafinta ba, ba ya ɗaure rodi, ba ya tuƙi. Baiwar da Allah ya yi masa ita ce jin ƙarar motar manaja tun tana kwanar farko. Kafin ƙura ta lafa ya fizgi shebur a hannun wani, ya yayyafa wa goshinsa ruwan leda, ya hau yi wa mutane tsawa. "Ranka ya daɗe, tun asuba nake fama da su." Shi ke buɗe ƙofar mota, shi ke riƙe lema, shi ke fara dariya tun oga bai kai ƙarshen labari ba. In manajan ɗan Caina ne ya haddace gaisuwarsu, in ɗan Labanan ne kowa ya zama "habibi". Maganar da aka yi a rumfar mai shayi da ƙarfe goma, sha ɗaya ba ta bugawa ta isa kwantena mai sanyi, an sa mata gishiri. Ranar da aka canja manaja kuwa, shi zai fara shiga wurin sabon ya zayyana masa ɓarnar tsohon, har da ranaku da lambar mota.

Ma'aikacin da ya fi kowa ladabi ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, don a littafin tankifa, mai rubuta zuwan ma'aikata, yake zaune. Ba ya makara, ba ya ciwo, matarsa ba ta haihuwa balle ya nemi izinin suna, kullum yana da obataya. Ranar biya dangwalen yatsansa yakan yi kama da na tankifa ƙwarai da gaske. Duk inda aka kawo na'urar ɗaukar zanen yatsa, shi da 'yan'uwansa sukan ajiye aiki rana guda, ba ko sallama.

Akwai kuma wanda son kamfani ya yi masa yawa har ba ya iya rabuwa da shi da yamma, sai ya tafi da ɗan wani abu gida. Yau guntun rodi, gobe rabin bokitin fenti, jibi jarkar dizal da aka zuƙo da tiyo daga tankin katafila. Buhun siminti kilo 50 yake fitowa, ko daga Obajana ko daga Ashaka, amma ya kwana biyu a hannun wannan bawan Allah sai ka ga ya rame. Shi a wurinsa ba sata ba ce, "ragowa" ce, wani lokacin "albarkar aiki". Kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne: sai da mai sito da zai rubuta an fasa buhu a hanya, da direban da zai ɗauka, da maigadin da fitsari zai matse shi a daidai lokacin. Masu wa'azin haɗin kan ƙasa su zo su ga wannan tawaga, ba a tambayar kowa ƙabilarsa ko addininsa. In ka bi shi unguwarsu ba ka bukatar kwatance: ƙofar gida launin kamfani, katanga launin kamfani, har akurkin kaji.

Ƙaramin injiniya ƙafarsa ɗaya a ciki ɗaya a waje. "Ƙarshen watan nan zan ajiye musu aikinsu." Yana faɗin haka tun buhun siminti bai kai naira dubu uku ba. Takardunsa sun je Katar, sun je Kanada, sun je ma'aikatar ayyuka ta jiha, shi dai yana nan da tef ɗin awo a ƙugu. Abokinsa da bai taɓa cewa uffan ba, shi aka wayi gari aka gani da hular wani kamfani.

Ɗan ƙungiya kuwa Allah ya ba shi murya. Da aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 a Yulin 2024, shi ya hau tulin bulo yana cewa ko a biya ko a tsayar da kowane inji. Sai aka ba shi foman. Tun daga ranar kalmarsa ɗaya ce: "'Yan'uwa a ƙara haƙuri, ana kan tattaunawa." Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai waɗanda suka tsaya a kan haƙƙin wasu har aka kore su, sai dai irinsu ba sa daɗewa a wuri balle a san halinsu. Jami'in kariya ma yana nan da sababbin huluna da takalman ƙarfe a kulle cikin sito. Ranar da masu duba aiki za su zo a raba da safe, su juya baya a karɓe, a ƙirga.

A saman kowa akwai mai cewa, "Mu duka nan iyali ɗaya ne." Iyali ne mai wurin cin abinci biyu, ɗaya da na'urar sanyaya ɗaki, ɗaya da ƙudaje. A yi masa adalci, shi ma yana da abin da ke hana shi barci. Aikin gwamnati sai an auna abin da aka yi, an ba da takardar shaida, sannan kuɗi su fito, kuma sukan maƙale watanni. Mai dizal da mai kwalta ba sa jira, damina ta sauka aikin ƙasa ya tsaya. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, duk ranar da aka tashi rage iyalin nan daga ƙasa ake farawa. Za a manna takarda a bakin ƙofa, sunaye jere, waɗanda ba su iya karatu ba su roƙi wani ya duba musu. Motar uban iyali kuwa ba ta taɓa kwana babu mai ba.

Malam Shiru birkila ne, kuma bai taɓa cewa yana son kamfani ba. Ka tambaye shi sunan babban darakta, bai sani ba. Abin da ya sani shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ranar da aka ce a ɗan ja siminti don ya kai, sai ya ɗebi kwaɓin a cokalinsa, ya murza da yatsa, ya ajiye cokalin a kan bulo ya koma gefe ya zauna. Ba zagi, ba ɗaga murya. "Injiniya, wannan haɗin ba zai ɗauki bene ba. A nemi wani ya zuba." Kankare sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, kuma yana son ruwa a kwanakin farko, saboda haka ranar Lahadi da ba kowa za ka gan shi da tiyo yana shayar da ginshiƙai, ba wanda ya rubuta masa obataya. In aka matsa a cire katakon da ke tallafe da dakin kafin lokaci don a kai shi wani gini, nan ma ya ƙi. Kunnen Oga ya sha kai ƙararsa a kan taurin kai. Akan sallame shi, bango ya tsage, a aika yaro da babur ya ɗauko shi. Ya dawo bai ce komai ba, ya ɗauki cokalinsa. Ba a taɓa kiransa gaba ranar walima ba, don a lokacin yana can yana duba ko an rufe buhunan siminti kada raɓa ta taɓa su.

Amma in ana maganar wanda ya riƙe kamfani da gaske, sai an fita bayan shinge, wurin Inna mai abinci. Ba ta cikin littafin albashi, ba ta da hula, ba ta da takardar yabo. Tana da tukwane uku, da rumfar buhu, da littafin makaranta mai bango ja wanda mai ya jiƙa gefensa. In albashi ya yi wata biyu bai fito ba, shinkafa da wakenta ne ke ɗaga kwanon kankare zuwa hawa na uku. Baba yana cikin littafin, Ɗan Mu yana da shafi biyu, injiniya mai tafiya Kanada ma yana ciki, sai dai shi da raɗa yake cewa a rubuta. Takan riga akawu sanin ranar biya. Ranar za ka tarar ta dasa kujera a bakin ƙofa, littafi a cinya, ɗanta a gefe da na'urar POS, ba mai wucewa sai ya gaishe ta da hannu biyu. In aka tashi gari ta ɗora tukwanenta a bayan tifa ta bi su, ta sake kafa murhu a sabon wuri tun ba a gama kafa shinge ba.

Asararta ɗaya ce, waɗanda sunansu ya fito a takardar bakin ƙofa suka karɓi 'yan kuɗin sallama suka bi ta ƙofar baya. Ba ta yaga shafinsu ba, kuma ta san garin kowa da sunan mahaifinsa. Duk wanda ya san ya ci garau-garau da ƙarin mai a rumfarta ya gudu, don Allah ya nemi Inna ya kai mata kuɗinta.