Yadda Aka Kusa Sauke Marubuci a Hanyar Tsafe

Labari ba ya sallama kafin ya shigo kai. Yakan faɗo wa mutum yana tsakiyar noma, ko yana kan babur, ko liman ya riga ya ta da kabbara, kuma in ba a cafke shi nan take ba, ya tafi ke nan. Mutumin naku, mai wannan shafi, malamin makaranta ne a Gusau, yana da 'yar gona a Ruwan Bore, ga iyali, ga zirga-zirgar biki da ta'aziyya. Lokacin zama ya yi rubutu bai da shi, amma labarai ba su fasa kawo masa ziyara ba.

Da fari ya ce ƙwaƙwalwa ta isa. Hujjarsa ita ce Musa Ɗankwairo da Sa'idu Faru na ƙasar Maradun ba da biro suka riƙe waƙoƙinsu ba, kuma Aliyu Namangi na Zariya makaho ne amma ya tsara Imfiraji. Sai dai makaɗan suna da 'yan amshi masu maimaita ɗiyan waƙa har su zauna daram, Namangi kuma ya sami masu rubuta masa. Ko waƙoƙin bakan ma sai da irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka bi su suka taskace a Diwanin Waƙoƙin Baka. Shi kuwa mutumin naku, 'yan amshinsa 'yan aji ɗaya ne, kuma abin da suke maimaitawa daban.

Sai ya koma rubutu a tafin hannu. Alwalar azahar ta tafi da gwarzon labarin da budurwarsa gaba ɗaya.

Daga nan ya shiga yayin 'yan takardu: bayan takardar jarrabawa, kwalin sukari, rasit ɗin taki. Wata safiya ya tarar da uwargida tana hura gawayi da farkon babi na biyu. Da ya yi magana ta ce, "Malam, ai na ga duk ka cike ta da rubutu, shi ya sa na ce ta gama aiki."

Waya ta zo kamar mafita, ya riƙa tura wa kansa saƙo. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, amma bai daina rubutawa ba, saƙonni suka yi ta taruwa suna jiran hanya. Ranar da layi ya dawo suka fita rututu, sai dai bisa kuskure zauren dangi na waya suka faɗa. Kafin magariba gwaggonsa ta kira: "Kai ɗan nan, wace ce Hajara, kuma yaushe aka kai kuɗin gaisuwa ba mu sani ba?"

Babbar badaƙalar a hanyar Gusau zuwa Tsafe ta faru. Motar haya ce, huɗu a baya, biyu a gaba, an matse shi yadda hannu ba ya kaiwa aljihu, ga zakaran wani fasinja ya ɗora kai a cinyarsa. Nan ƙarshen labarin da ya daɗe yana nema ya faɗo masa. Wayar na hannunsa, sai ya danna wurin naɗar murya, ya kai ta bakinsa, ya sassauta murya ya ce: "Alhaji zai taso daga kasuwa bayan la'asar. A tare shi a kwana. Kada a kashe shi tukuna, a bari sai ya faɗi inda kuɗin suke."

Motar ta yi tsit. Duk wanda ya san halin da wannan hanya take ciki ya san ba wurin irin wannan zance ba ne. Wata tsohuwa ta fara salati, mai zakara ya janye zakaransa, direba ya gangara gefen titi ya ja birki.

"Malam, da wa kake magana?"

"Da kaina nake yi."

Amsar ta ƙara dagula lamari. Sai da ya fito da katin shaidar aiki, ya kunna musu tsofaffin muryoyin da ya naɗa, suka ji inda Alhajin ya nemi auren Hajara, kafin hankali ya kwanta. Daga nan mota ta koma majalisar gyara. Tsohuwar ta ce, "Ɗana, don Allah kada ka kashe shi, mai iyali ne." Direba ya ce ba mai hankalin da zai taso daga kasuwa da kuɗi bayan la'asar a zamanin nan. Mai zakara ya nemi a sa shi a labarin. Kafin a isa Tsafe, Alhaji ya tsira da ransa bisa rinjayen ƙuri'a.

Wannan ciwo ba a kan mutumin naku aka fara ba. A 1990 J.K. Rowling tana cikin jirgin ƙasa da ya makara tsakanin Manchester da Landan labarin Harry Potter ya faɗo mata, ba ta da alƙalami mai rubutu, dole ta riƙe shi a ka har ta sauka. Uzurin yawan aiki ma ba ya karɓuwa sosai. A gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933, Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malanta a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Marubutan adabin kasuwar Kano da yawa, musamman mata, a littafin makaranta suka riƙa rubutu da hannu tsakanin girki da raino.

Dabarar da ta zauna wa mutumin naku a ƙarshe ba ta da tsada. Ya yanka littafi mai falle arba'in gida biyu, rabi na zaune a aljihun gaba da biro ɗaure da zare. Wuri ɗaya tak ake ajiya, kuma an sanar da uwargida cewa wannan ba na gawayi ba ne. Bayan sallar isha'i yakan kwashe abin da ya kama a yini ya zuba a babban littafi, cikin cikakkiyar jimla, tun yana tuna abin da yake nufi. A mota kuwa ya daina buɗe baki.

Sharaɗin cikakkiyar jimlar yana da dalili. A shafin farko na ɗan littafin akwai wani rubutu da ya ja wa layi biyu, alamar babban labari ne: "akuya, suruki, Talata". Mai karatu, in ka gano abin da ya haɗa waɗannan ukun, taimaka ka sanar da shi, za a sa sunanka a shafin godiya.