Yadda Ake Sayen Wahala da Kuɗi a Hanyar Pacific Crest

A yammacin Amurka akwai wata hanyar ƙafa mai tsawon mil 2,650 da ake kira Pacific Crest Trail. Ta tashi daga Campo a iyakar Meziko, ta ratsa Kalifoniya da Oregon da Washington har bakin Kanada. Duk shekara masu lafiya da abin hannu sukan ajiye aiki su taka ta wata biyar, ba wanda ya kore su, ba kuma kasuwa a ƙarshenta. In kai ma kana ganin jin daɗi ya ishe ka, ga shawarwari kyauta.

Da farko ka nemi takardar izini. Mutum 50 kacal ake ba wa damar tashi daga Campo kowace rana, daga farkon Maris zuwa ƙarshen Mayu, kuma ana rububin ranakun tun hunturu bai nuna halinsa ba. Wato za ka sa rana ne kafin ka ga amarya.

Na biyu, a Fabrairu da Maris ka rungumi wayarka kana duba yawan dusar ƙanƙarar da ta taru a duwatsun Sierra Nevada, safe da rana da dare. Dubawar ba ta narkar da ko ƙwaya ɗaya, amma tana hana barci, kuma wannan ma horo ne. Awon da ake dogara da shi na wajen 1 ga Afrilu ne, lokacin da wasu tuni sun yi nisa a hanya.

Na uku, ka yi hattara da abin da kake roƙo. In ka roƙi dusar ta yi ƙaranci, ka tuna 2015, da awon ya nuna kashi 5 cikin ɗari na abin da aka saba, har Gwamnan Kalifoniya na lokacin, Jerry Brown, ya tsaya a kan busasshiyar ciyawa a wurin awon. A irin wannan shekara maɓuɓɓugan hamada kafewa suke yi, sai ka yi dakon ruwa har kafaɗa ta yi kanta. In kuma ka roƙi ta yi yawa, ga 2023, da ta haura ninki biyu: ruwa ko'ina, amma hanyar duwatsu a binne har cikin Yuli. Gaba kura, baya sayaki.

Na huɗu, kada sunan hamada ya ruɗe ka. Mil 700 na farko ake kira haka, amma kafin ka cika mil 200 za ka tarar da dutsen San Jacinto, mai tsayin sama da mita 3,300, da ƙanƙara a gangarensa a Maris da Afrilu. Ka tafi da hular rana da rigar sanyi, da ƙusoshin da ake ɗaura wa takalmi. Da dare ka sa matatar ruwanka cikin jakar barcinka ku kwana tare, don in ta daskare ta lalace. A hamadar Mojave kuwa da dare ake tafiya saboda zafi, a bisa magudanar da ke kai wa Los Angeles ruwa: ruwa na gudu a ƙarƙashin siminti, kai kana sama kana haɗiyar yawu.

Na biyar, ka iya lissafin lokaci. An saba shiga Sierra daga Kennedy Meadows wajen tsakiyar Yuni. Ka riga haka, dusa ta tare ka. Ka yi nawa, sabuwar dusar Washington ta riga ka zuwa a Oktoba. Forester Pass, mashigin dutse mai tsayin mita 4,009, da sanyin asuba ake haye shi, kafin rana ta sassauta ƙanƙarar ka riƙa nutsewa har cinya. Koguna ma da safe ake tsallaka su, don narkewar yini kumbura su take yi da yamma.

A nan raha ta ƙare. A 2017 ruwan narkewar dusa ya ci rayukan matafiya a kogunan Sierra. In ka iso bakin ruwa ka ga ya fi ƙarfinka, malam, ka jira ko ka juya. Ba wanda zai tambaye ka takardar kammalawa a gida.