Yadda Na Gina Python da Hannuna Har Aka Tuɓe Ni

Hanyar saka Python a kwamfuta guda biyu ce. Akwai ta talakawa: ka ɗauko wanda aka riga aka haɗa, ka saka, ka tashi ka je kasuwa. Akwai kuma ta manya: ka sauko da ɗanyen rubutun da aka gina yaren da shi, ka sa kwamfutarka ta haɗa shi tun daga tushe. Wani a majalisarmu ya taɓa cewa duk wanda bai bi ta biyun ba ɗan kallo ne a harkar manhaja. Ni kuwa ba a faɗa mini magana irin wannan in yi barci.

Kwamfutar ta maiɗakina ce, a cikinta take rubuta kundin digirinta. Da ta fara tsufa sai ƙaninta ya saka mata Ubuntu 20.04, wanda ke zuwa da Python 3.8. Ni kuma na ji labarin 3.12 ya fito tun Oktoban 2023. Na ga bai kamata gida irin nawa ya zauna a baya haka ba.

"Malam, me za ka yi da ita?"

"Ɗan gyara ne, kafin ki sauke tuwo na gama."

Na sauko da ƙunshin daga shafin Python, bai ma kai megabait 30 ba. Na warware shi, na buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, na buga ./configure ina murmushi. Nan take ta ce ba ta ga kwamfailar C ba. Ashe Python ɗin da Guido van Rossum ya fitar a 1991, wanda ake ta yabo saboda sauƙinsa, shi kansa da yaren C aka rubuta shi. Kafin ka samu mai sauƙin sai ka nemo mai fassara mai wuyar. Na sauko da build-essential, wanda a cikinsa GCC yake, kwamfailar da Richard Stallman ya fara saki a 1987. Allah ya saka masa da alheri, amma datata ta ji jiki.

A karo na gaba configure ta kama aiki. Layuka suka riƙa zubowa, tana tambayar kwamfutar akwai kaza, akwai kaza, ana amsa mata da e ko a'a cikin Turanci. Na ga a'a tana wucewa jefi-jefi, na ce ai ko a gidan sarki ba komai ake da shi ba. A ƙarshe ta ba ni shawara cikin ladabi: idan ina son Python mai sauri, in ƙara --enable-optimizations. Wa zai ƙi sauri? Abin da ba ta faɗa da babbar murya ba shi ne, wannan zaɓin na nufin za a gina yaren, a sa shi ya yi ta gwaje-gwaje ana lura da inda ya fi wahala, sannan a sake gina shi daga farko bisa abin da aka lura. Kafin ka samu mai gudu sai ka yi zaman jira.

Na buga make. Fankar kwamfutar ta fara kuka, ƙasanta ya yi zafi har na ɗauke ta daga cinyata na ɗora a kan faifai. Aka sauke tuwo, aka ci, aka wanke kwanuka. Daga baya ne na ji cewa da na rubuta make -j4 da kawunan injin huɗu sun raba aikin a tsakaninsu. Guda ɗaya ne ya yi ta gumi, sauran ukun suna zaune suna kallonsa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirin kuwa irin wanda ke mutuwa kafin ka miƙe ka nemo caja ne. A nan dole in yaba wa Stuart Feldman, wanda ya ƙirƙiro make a Bell Labs a 1976. Ya tsara ta yadda za ta duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ta tsallake abin da aka riga aka gama. Bawan Allah bai san unguwarmu ba, amma ya yi mana tanadi.

Da aka gama na buga sudo make install, na gyara hula. Daf da ƙarshe ta tsaya cak, wai ba za ta iya warware wani ƙunshi ba saboda babu zlib. Na koma sama ina laluben layuka, sai ga wata ƴar sanarwa a maƙale: ba a samu kayan haɗa waɗansu sassa ba, saboda haka an bar su. Ga sunayensu a jere, babu ko jan launi. Halin wani telan jajibirin sallah ke nan: ka kai yadi bai isa ba, ba zai kira ka ba, sai ya ɗinka rigar da hannu ɗaya, ya goge, ya ninke, ya miƙo maka yana cewa Allah ya sa a kashe lafiya.

Abin haushin ma, zlib ɗin yana cikin kwamfutar. Takardun bayaninsa ne babu, waɗanda kwamfaila ke dubawa, kuma suna cikin wani ƙunshi dabam mai suna zlib1g-dev. Na saka shi, na sake gini. Tun da zlib kaɗai aka yi kuka da shi, shi kaɗai na kawo, ni ba mai almubazzaranci da data ba ne. Python 3.12 ya tashi! Na ce wa pip ta sauko mini da wata manhaja, ta ce ba ta iya magana da intanet ta amintacciyar hanya, babu ssl. Na danna kibiyar sama don in dawo da layin da na rubuta, allo ya amsa da ^[[A, wato babu readline. Haka na riƙa kawo su ɗaya-ɗaya, libssl-dev, libreadline-dev, libffi-dev, libsqlite3-dev, kowanne da nasa sabon ginin da nasa kukan fanka.

A gini na ƙarshe ne na lura da wani rashin adalci. Nawa Python ɗin, da na sha wuya a kansa, an ajiye shi can gefe a /usr/local, tsohon kuma yana mimmiƙe a /usr. Na rubuta --prefix=/usr. Takardar bayanin da ke cikin ƙunshin ta ambaci wani abu wai shi make altinstall, don wanda ba ya son sabo ya hau kan sunan python3. Na ɗauke ta a matsayin shawarar masu tsoro. Na buga install, na rufe taga, na kwanta da zuciya fara.

Da safe muryarta ce ta tashe ni.

"Malam, wannan jar alamar ta mece ce a sama? Kuma abin sabunta manhajoji ya ƙi buɗewa."

"Kawo nan, ƙaramin abu ne."

Na danna tagar umarni. Shiru. Na sake dannawa, kibiya ta ɗan yi juyi ta koma. Ashe Ubuntu da kansa ma'aikatansa da yawa da Python suke aiki, har ɗan rubutun da ke buɗe tagar, kuma duk 3.8 suka sani, a ɗakinsa kayan aikinsu suke. Ƙofar da zan bi in gyara ɓarnar tana cikin abin da ya ɓaci. Garin neman gira, ido na ƙoƙarin tafiya, ga kundin digiri babi huɗu a ciki yana kallona.

Ta kira ƙaninta. Ya shigo yana dariya tun daga zaure, don tsakanina da shi akwai wasa, kuma ranar Allah ya ba shi sa'a.

"Yaya injiniya! An ce jiya ka kwana kana ƙera jirgi."

Ya danna Ctrl da Alt da F3, allo ya koma baƙi ƙirin, ya rubuta layi ɗaya da ya mayar da sunan python3 kan 3.8. Bai ko ajiye kofin kunun da ke hannunsa na hagu ba. Taga ta buɗe.

"To Yaya, wane aiki ne wannan da sai 3.12?"

Na nuna masa. Layi shida ne, yana lissafa wanda zai ɗauki adashin majalisa kowane wata. Ya gwada shi a tsohon, ya ba da amsa iri ɗaya, har da sunana a watan ƙarshe.

Har gobe ina kan bakana cewa ginin ya yi kyau, gidan ne bai shirya karɓarsa ba. Amma su biyun sun yi shawara a kicin ba da ni ba. Da daddare na lallaɓa na buga sudo, umarnin da ke ba mutum ikon maigida a kwamfuta, don in ɗan duba wani abu. Kwamfuta ta ce sunana ba ya cikin masu wannan iko, kuma za a kai rahoton abin da na yi. Na yi tsaki na ce wa za a kai wa, ai babu kowa.

Daga ɗaki na ji an ce, "Malam, fankar nan na ji tana kuka?"